WordPress ne ya haɗa min jarin farko

Lokacin da na fara tsara shafukan intanet ba ni da ko sisi, sai tsohuwar kwamfuta. WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, ya rufa min asiri, don kyauta ne tun fitowarsa a 2003. Na ɗora shi a kwamfutata da XAMPP (manhajar da ke sa shafi ya yi aiki a kan kwamfuta ba tare da intanet ba), na yi wa wani tela shafin gwaji: hotunan ɗinkinsa, lokutan buɗewa, da maɓallin WhatsApp. Yana gani ya ba da kafin alƙalami, da shi na biya kuɗin adireshi da masaukin shafin. Amma ka guji jibga ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress (plugins) barkatai, suna sa shafi jan jiki a waya. Kuɗin kula da shafi duk wata kuwa, shi ya fi tara min jari.