Batirin gel da na sa wa solar shagona a Gusau

Masu tambayata a kan batirin gel ɗin nan, to ga abin da na gani. Nawa 12V 200Ah ne, shi ke riƙe inbata da fanka da cajin wayoyi a shago, kuma wallahi na huta da zuba ruwa. Na da can mai murfi kullum sai ka leƙa ko ruwa ya ja baya, ga farin gari yana taruwa a kan tamina, wato inda ake ɗaura waya, ga asid yana cin siminti yana huda wa mutum riga. Wanga kuwa an cakuɗa asid ɗin da wani sinadari mai suna silika ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, a rufe yake ruf, ko ka karkata shi ba ya zuba.

Amma fa yana da sharaɗi. Ba ya son caji ya wuce kima, mai haɗa mani ya saita kontirola, wato na'urar da ke daidaita caji, a 14.2V, kuma ba na bari ya sauka ƙasa da rabi. Sai zafi, masu ƙera shi a digiri 25 suke lissafa shekarunsa, mu kuwa watan Afrilu 40 muke gani, kuma duk ƙarin digiri 10 kusan rabin ransa yake ci, shi ya sa na ɗora shi bisa katako kusa da taga. Nauyi kam ba a magana, mu biyu munka ɗauke shi.

Abin da ke ci mani rai shi ne har yanzu dalma ce a cikinsa. Mu 'yan Zamfara ba mu manta 2010 ba, yara fiye da 400 sunka rasu a yankin Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma ta wajen niƙa duwatsun zinari, yanzu kuma sai ka ga mataccen batiri hannun 'yan gwangwan ana fasa shi tsakar unguwa yara na wasa a gefe.

Shi ya sa nake bibiyar binciken batirin zinki mai caji. Zinki ba baƙo ba ne, shi ne a batirin tocila. Matsalarsa in ana ta maimaita caji yana fitar da ƙananan tsinaye da ke huda tsakanin batirin su kashe shi, gel ɗin da masana ke gwadawa a cikinsa yana riƙe ruwan batirin ya rage tsiron nasu, kuma tunda ruwa ne tushensa ba ya kama wuta da sauƙi irin na lithium. Ranar da ya shigo kasuwar Gusau da farashin da talaka zai iya, in Allah ya yarda shi zan sa.