Anisol mara ruwa na Sigma-Aldrich a aikin ATRP: ina ya yi, ina ya gaza

Duk wanda ke haɗa polima (dogayen sarƙoƙin da ake ƙullawa daga ƙananan ƙwayoyi, wato monoma) ta hanyar ATRP, dabarar da ke amfani da jan ƙarfe wajen sarrafa girman sarƙoƙin, wadda Matyjaszewski a Amurka da Sawamoto a Japan suka fito da ita a 1995, ya san ruwan narkarwa ba wurin zama kawai yake ba sinadarai ba. Yana da hannu a yawan sarƙoƙin da ke farke suna girma da waɗanda ke kwance a kowane lokaci, kuma daidaiton nan shi ne dukan aikin. Da wannan ma'auni muka duba ɗaya daga cikin ruwan narkarwan, wato anisol mara ruwa mai tsarkin kashi 99.7, wanda ake sayarwa a kwalbar Sure/Seal mai hatimin roba da ake hudawa da allura.

Abu na farko da ya ba shi daraja shi ne ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 154. Monoman sitirin na son digiri 100 zuwa 110, inda wasu ruwan narkarwan ke gazawa: toluwin ke gab da tafasa, THF kuwa tun a 66 ya ƙafe. Ga haɗin da ake gwada shi da shi: sitirin mililita 5 da aka bi da shi ta alumina mai alkali don cire sinadarin da ke hana shi zama polima, anisol mililita 5, CuBr (gishirin jan ƙarfe) miligiram 62, PMDETA (mai riƙe jan ƙarfen) maikurolita 91, EBiB (mai fara sarƙa) maikurolita 64. Rabon sitirin da CuBr da PMDETA da EBiB ya zama 100:1:1:1 ke nan. Idan aka tsayar da aikin bayan kashi 60 zuwa 70 na monoma ya shiga sarƙa, yawancin sarƙoƙin suna riƙe da buromin ɗinsu a baki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son ɗora wani monoma daga baya, domin bakin polisitirin yana zubar da HBr, kuma ya fi yin haka a ruwan narkarwa mai ƙarfin riƙe caji. Ma'aunin wannan ƙarfin a anisol wajen 4.3 ne, a DMF, wani ruwan narkarwan, wajen 37.

To amma sanyin halin nan yana da farashi. Haɗin CuBr2 da PMDETA, wanda shi ne birkin da ke mayar da radikal, wato bakin sarƙa mai girma, barci, ba ya narkewa sosai a anisol. Za ka ga koren gari manne a jikin gilashi, a saman ruwan inda maganadisu ya watsa shi. Abin da ya manne a can ba ya aiki, birki ya yi rauni, tsawon sarƙoƙi ya bambanta. Ɗan DMF kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na ruwan, yana narkar da shi. Ko a sauya PMDETA da wani mai riƙe jan ƙarfen, dNbpy, wanda dogayen jelolinsa ke jan jan ƙarfen cikin ruwan.

Inda muka fi yaba wa anisol shi ne auna ci gaban aiki da NMR, na'urar da ke nuna kowane sinadari a matsayin layuka a ma'aunin ppm. Tunda ba ya shiga sarƙa kuma ba ya saurin ƙafewa, shi kansa ma'auni ne. A sitirin sai a kwatanta layin metoksi ɗinsa na ppm 3.8 da layukan monoma na 5.2 da 5.7. A monoman MMA kada a yi haka, don metoksi na monoma yana 3.75, sun kusa haɗuwa. A ɗauki layin anisol na 6.9, a bar na 7.3 da ke cakuɗe da ragowar kulorofom.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar "mara ruwa" a matsayin "mara iska". Oksijin yana kama radikal, yana kuma mayar da Cu(I) ya koma Cu(II). Dole a daskarar da haɗin, a zuƙe iska, a narkar, sau uku, ko a busa masa naitirojin na minti 30. Idan ruwan ya rikiɗe ya yi kore mai duhu ko shuɗi tun kafin ya fara kauri, iska ta shiga. Hatimin kwalbar ma ba na har abada ba ne: a yi amfani da siririyar allura, a sa naitirojin ya cike gurbin abin da aka ɗiba.

Raba anisol da polima yana da wahala, injin juya kwalba da ke ƙafar da ruwan narkarwa ba ya janye shi da sauƙi. Gara a tsinka da THF, a bi ta alumina don cire jan ƙarfe, a ɗiga cikin metanol mai sanyi ninki goma, sannan a busar a tanda mai zuƙe iska. Anisol ba ya narkar da poli-akirilamid ko poli-akirilonaitiril, kuma mai son Cu(I) ya rabu gida biyu, Cu(0) da Cu(II), kamar yadda yake yi da mai riƙewa Me6TREN a ruwan narkarwa DMSO, ba zai samu haka a nan ba.

Batun saye: radikal ba ya damuwa da ɗan danshi, don haka anisol na kashi 99 da aka cire wa iska ya isa yawancin aikin sitirin da akirilet. Wannan mara ruwan mai tsada ya dace da monoma da ruwa ke lalatawa, irin masu ƙunshin aisosayanet ko alkoksisilen, kuma ƙaramar kwalba ta fi, a ƙarar da ita kafin robar ta sha huda.