Fam 85 na biya, ashe gungume aka dasa min a tukunya

'Yan'uwa da ke Landan da kewaye, ku yi hattara da wani mai farar mota da ke tallar bishiyar Kirsimeti a Facebook. Fam 85 ya ci min. Fam 85, tsaba, na ƙirga da hannuna na miƙa masa, har da godiya.

Jiya na tumɓuke ta daga tukunyar, tun lokacin raina yake tafasa. Babu saiwa! Wani guntun kututture ne da aka datse da shebur, da 'yan jijiyoyi uku busassu, aka cusa a ƙasa aka danne. Tukunyar ma ko huda babu a gindinta, ruwa ya kwanta yana wari.

Kada wani ya ce min garaje na yi. Na tambaye shi. A bakin ƙofata, yarana na tsaye, na ce masa a cikin tukunyar ta girma ko daga gona aka haƙo ta? Ya dube ni ido cikin ido ya ce tun tana 'yar ƙarama take ciki, in na ba ta ruwa za ta yi mana shekara da shekaru. Har ya shafa kan autana. Wannan shafa kan ne yake dawo min, wallahi. Dalilin da na yarda da fam 85 ke nan, alhali yankakkiya ba ta kai haka ba. Na yi lissafi ne, na ce sayen sau ɗaya ya fi na kowace shekara.

Ko cikin ɗaki ban bar ta ta daɗe ba, kwana 8 kacal, nesa da hita, na mayar da ita waje. A tsakiyar Janairu ganyen ya fara komawa ruwan ƙasa. A'a, tun kafin sabuwar shekara ma na ga ƙarshen rassan ƙasa sun yi ja, na ɗauka sanyi ne. Na yi ta ɗura mata ruwa, ashe ƙara kashe ta nake. Baban yara ya ce ƙwari ne, muka shimfiɗa farar takarda muka girgiza reshe, babu ƙwaro ko ɗaya, sai ganye ke zuba kamar an zazzage tsintsiya.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai lambu ce ta leƙo ta kan shinge. Ta ce in tsohon ganye na ciki, kusa da jikin bishiyar, shi ne ya bushe, ba komai, haka suke yi. Amma in daga bakin reshe abin ya faro yana cin ciki, saiwar ce ta samu matsala. Ta kankare ɓawon da farce. Da rai sai a ga kore da danshi, tawa kuwa busasshiya ƙayau. Ta ce irin bishiyar Kirsimetin da ake kira Nordmann ce, doguwar saiwa take yi zuwa ƙasa, in aka haƙo ta aka datse da wuya ta rayu. Ta faɗa a hankali, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na tura masa saƙo da hoton kututturen. Ya karanta, ya toshe ni. Shafin ma ya canza suna, hotunan bishiyoyin dai su ne. Banki ba abin da za su yi tunda tsaba na bayar, ko rasit babu. Hotunan hirarmu suna nan a wayata, da daddare zan sa su, har da inda ya rubuta cewa a tukunya ta girma.

Kafin ku biya, ku ɗaga tukunyar ku duba gindinta, a ga siraran jijiyoyi ta hudojin. In mai sayarwar ya hana ku zaro bishiyar ku gani, ku bar masa kayansa.

Autana da safen nan yana tambayata yaushe bishiyarsa za ta warke. Fam 85 fa.