Fitilun Cikin Akwatin Kwamfuta: RGB Ko ARGB?

Matasa masu harhaɗa kwamfuta a nan Maradi sun yi ta tambayata wanne za su saya tsakanin RGB da ARGB, wato zaren fitilu masu launi iri biyu da ake ƙawata akwatin kwamfuta da su, to ga abin da na gani.

RGB tana aiki da volt 12, bakinta ƙafa huɗu. Duk zaren launi ɗaya yake bayarwa a lokaci guda: in ja, ja ne gaba ɗaya. Ta fi araha.

ARGB kuwa volt 5 ce, ƙafa uku da gurbi guda babu komai. Kowane ƙwai da launinsa, haske ya riƙa gudu kamar bakan gizo. Kuɗinta sun ɗan ɗara.

Inda nake jan kunne: kada ka kuskura ka soka ARGB a gurbin volt 12. Na ga wani ƙanena ya yi, nan take ƙwayayen suka ƙone, ɗakin ya ɗau ƙauri. Duba babban allon kwamfutarka (motherboard, inda ake soka fitilun) tukuna, tsofaffin da yawa ba su da gurbin ƙafa uku, sai ka ƙara sayen na'urar sarrafawa.

Kowacce ka zaɓa, nemi mai maganaɗisu maimakon mai gam in akwatinka na ƙarfe ne, domin zafin Afrilu na sa gam ya saki.

Mai tsohon allo da ƙaramin aljihu, RGB ta ishe shi. Mai sabon allo da akwatin gilashi, ARGB ce tasa.