Rigar ceto ta ƙarƙashin kujerar jirgin sama: ƙira mai kyau, ɗauri mai wuya

Maniyyacin da ya tashi daga Garwa ko Injamena zuwa Jidda, tudu da hamada ne mafi yawan hanyarsa, amma dole ya ƙetare Bahar Maliya. Rigar ceton da ke ƙarƙashin kujerarsa, wadda masu Faransanci ke kira jile, saboda irin wannan wuri aka ajiye ta. Ga yadda muka ga rigar fasinja, ruwan ɗorawa, mai aljihun iska biyu.

Ƙirarta ta yi. Kowane aljihu da 'yar kwalbar gas ɗinsa, da jan mariƙi da ake fizga, da bututun hurawa da baki idan kwalbar ta ƙi aiki. Ko ɗaya ya huje, ɗayan zai ɗaga mutum. Fitilar kafaɗa kuwa ruwa ne ke kunna ta.

Aibinta yana igiyar ƙugu. Sai an zagayo da ita ta baya, an danna maɗaurin ya yi ƙas, an ja ta ɗame. In ba haka ba, da an shiga ruwa rigar za ta haye kunnuwa, haɓa ta nutse. Mai babbar riga da Hajiya mai dogon hijabi su tattare tufafinsu tukuna, kada yadi ya shige maɗaurin. Da jirgin US Airways ya yi saukar gaggawa a cikin kogin Hudson na birnin New York a 2009, duk mutum 155 sun tsira, amma cikin fasinja 33 da suka sami rigar, huɗu kacal suka ɗaure igiyar daidai.

Babban haɗari shi ne hura ta a cikin jirgi. A Nuwamba 1996 jirgin Habasha da aka yi fashinsa ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros na gabashin Afirka, mutum 125 cikin 175 suka rasu. Da yawa sun hura tasu tun suna zaune, ruwa ya shigo ya manna su da rufi, suka kasa nutsawa su fita. Sai an zo bakin ƙofa ake fizgar mariƙin.

Abin da ke ci mana rai, galibi da Faransanci, Turanci ko Larabci ma'aikatan jirgi ke bayanin yadda ake sa rigar, dattawanmu masu Hausa da Fulatanci suna kallo kawai. Ɗan rakiya ya fassara wa Baba, ya sa shi ya laluba ƙarƙashin kujera kafin a tashi. Mai goyo kuma ta tambayi ma'aikaciyar jirgi rigar jariri, domin ita daban ake bayarwa.