Shekara uku ina karɓar aiken Yaya a ajans

Yayana yana Abijan tun ina ƴar makaranta. A unguwar Abobo yake saida garba, wato acake (dambun rogo) da soyayyen kifi, sana'ar da mutanenmu suka daɗe da yin suna a kanta can. A Adar wannan ba abin mamaki ba ne. Ka shiga ƙauyukan Illela, Keita ko Buza bayan girbi ka ƙirga samarin da suka saura: wasu sun yi Kodebuwa, wasu Libiya, wasu Aljeriya ko Najeriya. A gidanmu ni ke zuwa karɓo aike, shi ya sa nake son in faɗi abin da na gani game da kamfanin tura kuɗin da muke hulɗa da shi nan Tawa.

Da can, sai Yaya ya sami mai zuwa gida ya damƙa masa kuɗi a ƙulle cikin leda. Wani lokaci sati biyu, wani lokaci wata guda, Inna tana zaune tana jiran mutumin da ko fuskarsa ba ta sani ba. Yanzu ya biya a can, ya kira ni ya ba ni lamba, in hau kabu-kabu da katin shaidata, kafin la'asar kuɗi na hannuna. Da yake mu da Kodebuwa duk sefa ɗaya muke kashewa, jika hamsin ɗin da ya sa, jika hamsin nake ƙirgawa. Maƙwabciyarmu da ɗanta ke Kano ba ta da wannan sa'a, ita kullum kunnenta na wajen ƴan canji.

Abin da ya sa nake yaba musu da gaske, saurin nan ne. A tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau, Baba ya kwanta da masassara. Da safe na kira Yaya, da azahar na sayi magani. Ma'aikaciyar da ta biya ni ta ga idona, ta ce, "Hajiya, Allah ya ba shi lafiya." Ban manta ba.

Kuma kuɗin nan ba sa kwana a gidanmu. Mai hatsi ya samu, magini da mai buga bulo sun samu lokacin da muka tada ɗakin Inna, tela ya samu, ƙannena biyu sun shiga aji da littattafansu. Mai shagon unguwarmu ma yana ba mu bashi ne don ya san ƙarshen wata aike zai zo. Na ƙara gane nauyin abin bayan takunkumin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa wa Nijar a ƙarshen Yulin 2023, kafin a ɗage shi a Fabrairun 2024. Kaya sun yi tsada, tsabar kuɗi ta yi wuya, kowace jika da ta iso daga waje gida guda take riƙewa.

Inda suka ɓata mini rai shi ne jajibirin Babbar Salla. Na yi layi tun hantsi cikin rana, da na iso gaba aka ce kuɗi sun ƙare, in dawo gobe. Ai kowa ya san lokacin ne ƴan bida ke turo kuɗin rago, me ya hana a yi tanadi? Akwai wata tsohuwa a bayana da ta biya mota daga ƙauye, ba ta da inda za ta kwana, sai gidanmu na kai ta. Ga kuma yawan cewa reso, wato layin sadarwa, ya ɗauke, ga benci ɗaya tak a inuwa.

Duk da haka ban sake kamfani ba, kuma na ce wa Yaya ya ci gaba da su. Sai dai bana na roƙe shi ya turo kuɗin layya kwana goma kafin salla.