Sake Gina Shafin Intanet: A Rushe a Yi Sabo, Ko a Ɗora a Kan Tsohon Harsashi?

Malam, na ga tambayar da ka yi a zauren nan game da shafinka na koyar da kiwon kaji da noman rani, wanda ka ce tun 2018 yake a kan Blogger, wato dandalin buɗe shafi na Google, da sunan da ka saya mai ƙarewa da .com.ng. Kana so ka mayar da shi WordPress, wata manhajar gina shafi, ka ƙara sashen Turanci da wurin sayar da kaya, amma mai tsara maka shafin ya ce a canja suna a gajarta adireshin kowane rubutu a fito da komai sabo fil, wani abokinka kuma ya ce kada ka taɓa adireshi ko ɗaya. Tsoronka shi ne matsayin da ka samu a Google, tunda mafi yawan masu karanta ka daga can suke shigowa.

Kafin a gwada shawarwarin biyu, ya kamata a san abin da Google yake riƙewa. Matsayin da kake gani galibi ba na shafin ba ne a dunƙule, na kowane adireshi ne daban. Rubutunka na rigakafin cutar kaji yana da nasa tarihin: shekarun da ya yi a wuri ɗaya, da shafukan da suka sa mahaɗi zuwa gare shi, da mahaɗan da ke kai wa gare shi daga sauran rubuce-rubucenka. Ranar da harafi ɗaya ya canja a adireshin nan, a wurin Google sabon shafi ne da bai taɓa gani ba, sai idan an sanar da shi ta hanyar da yake ganewa.

Hanyar mai tsarawa tana da amfaninta, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba. Adireshin Blogger dogo ne, yana ɗauke da shekara da wata, ga .html a ƙarshe, kuma wanda ya ga 2018 a jikinsa yana iya ɗauka bayanin ya tsufa ko da jiya ka sabunta shi. Gajeren adireshi ya fi daɗin turawa a WhatsApp, ya fi sauƙin tunawa. Sai dai ladan wannan kyau shi ne kowane tsohon adireshi sai an yi masa turawa ta dindindin, wadda masu sana'ar suke kira 301, zuwa sabon adireshin da ya gaje shi. Kamar ɗan kasuwa ne ya tashi daga rumfarsa a Kantin Kwari ya bar yaro a bakin tsohuwar rumfar, duk wanda ya zo neman sa yaron ya kama hannunsa ya kai shi sabuwar. Idan babu yaro, mai saye zai tarar da rumfa a rufe, wato kuskuren 404, ya wuce rumfar maƙwabci.

A da ana cewa duk turawa tana zaftare wani kaso na ƙarfin shafi, amma a 2016 Gary Illyes na Google ya bayyana cewa an daina wannan ragin. Saboda haka idan aka yi aikin daidai, matsayi yakan dawo bayan ɗan tangal-tangal. Google da kansa ya ce matsakaicin shafi yakan ɗauki 'yan makonni kafin yawancin adireshinsa su koma sababbi, babba kuma ya fi haka, ya kuma ba da shawarar a bar turawar aƙalla shekara guda. Matsalar ita ce kalmar nan "daidai". Mai tsarawa da ya gaji yakan tattara tsofaffin adireshi ɗari-ɗari ya tura su duka zuwa shafin farko da umarni guda, ya ce ya gama. Google yakan ɗauki irin wannan tamkar shafukan sun ɓace ne, domin wanda ya zo neman yadda ake haɗa abincin 'yan tsaki bai sami abin da ya zo nema ba. Wani kuma yakan jera turawa a kan turawa, daga tsohon suna zuwa sabo, daga nan zuwa mai https, daga nan zuwa gajeren adireshi. Googlebot, manhajar Google mai yawon duba shafuka, yana bin irin wannan sarƙa har hawa 10 kafin ya haƙura, amma kowane hawa ɓata lokaci ne ga mai buɗewa da ƙaramar waya a wurin da sabis ba shi da ƙarfi. Idan kuma har sunan shafin aka canja, akwai ƙarin aikin sanar da Google ta wurin canjin adireshi, wanda yake aiki na kwana 180, da ke cikin Search Console, wato dandalin da Google ya tanadar wa masu shafuka, sannan dole ka ci gaba da biyan kuɗin tsohon sunan, domin ranar da ya mutu duk turawar ta mutu tare da shi.

Hanyar abokinka ita ce a riƙe suna, a riƙe adireshi, a canja injin da ke ƙarƙashi kawai. WordPress yana ba ka damar tsara adireshi yadda kake so, don haka ana iya umartar sa ya bi fasalin Blogger sak: shekara, wata, sunan rubutu, sai .html. Idan haka ta samu, Google zai dawo ya tarar da kowane rubutu a inda ya bar shi, sai dai ya ga an yi wa ɗakin sabon fenti. A nan ma akwai rami, kuma shi ne wanda na fi ganin mutanenmu suna faɗawa. Blogger yana guntule dogon take idan zai mayar da shi adireshi, WordPress kuwa yakan ɗauko taken gaba ɗaya, sai ka ga fasali ɗaya amma wutsiya daban. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Harafin ƙ idan ya shiga adireshi yakan koma %c6%99, wata manhaja kuma ta jefar da shi, wata ta mayar da shi k. Rubutun da takensa ya fara da "Ƙwai" yana iya zama "wai" a tsohon adireshi ya zama "kwai" a sabo, ido ba zai lura ba, amma ga na'ura wurare biyu ne. Maganinsa shi ne a kwaso jerin tsofaffin adireshin duka tun kafin a taɓa komai, daga taswirar shafin (sitemap, wato jerin adireshinsa) da kuma Search Console, a zuba su a Excel, a gwada su ɗaya bayan ɗaya a sabon gidan. Manhajar Screaming Frog tana duba adireshi 500 kyauta, abin da ya wuce nan sai da lasisi. Kada a manta da wutsiyar ?m=1 da Blogger yake liƙa wa masu shigowa ta waya, domin da ita mutane suka yi ta raba mahaɗanka a Facebook, kuma kada a bar hotuna a rumbun Blogger, a kwaso su zuwa sabon masaukin.

Idan aka ɗora su a sikeli, hanya ta farko tana ba ka tsafta da kyan gani amma tana tara maka canji huɗu a dare ɗaya: suna, adireshi, manhaja da fasali. Idan masu ziyara suka ragu da rabi bayan mako biyu, ba za ka san wanne daga cikin huɗun ya jawo ba, balle ka san abin da za ka gyara. Hanya ta biyu tana barin ka da adireshi mai ɗan muni, amma abin da zai iya lalacewa kaɗan ne kuma ana saurin gano shi. Jagorar Google ta ƙaurar shafi ita ma cewa ta yi a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ni a ganina, ga shafin da ya kai shekarun naka kuma bincike ne ke ciyar da shi, ta biyun ce ta dace, in ma gajarta adireshin ya zama dole a jinkirta shi zuwa bayan wata uku ko huɗu.

Batun faɗaɗawa bai kai wannan sarƙaƙiya ba. Sashen Turanci yana iya zama ɗaki a cikin gida, kamar yadda BBC ta yi da bbc.com/hausa, ko ya zama reshe a gaban suna, kamar ha.wikipedia.org da hausa.legit.ng. Google ya sha faɗin cewa yana iya aiki da kowanne. Manyan kafafe suna da ma'aikatan da za su kula da reshe daban, kai kuwa kai kaɗai ne, don haka /en/ a ƙarshen sunanka ya fi maka sauƙi, haka ma wurin sayar da kayan. Abin da ba zan so ka yi ba shi ne ka kwashe rubutun Hausa daga inda yake ka kai shi ƙarƙashin /ha/ don kawai tsari ya daidaita, domin wannan ya mayar da kai hanya ta farko ta ƙofar baya. Rubutun da yake da takwara a harsunan biyu sai a haɗa su da alamar hreflang, wadda ke gaya wa Google harshen kowanne, ha ga Hausa, en ga Turanci.

Akwai wani ƙaramin akwati a saitin karatu na WordPress da ke roƙon injunan bincike kada su saka shafin a jerinsu, kuma masu gini sukan yi masa alama yayin da suke aiki a ɓoye. Na taɓa ƙaurar da shafin wata makaranta, na gwada kowane adireshi, na kwana da murna, sai bayan kwana goma sha na ga shafukan suna zubewa daga Google ɗaya bayan ɗaya saboda na manta da cire wannan alama. Ka duba shi da idonka ranar buɗewa, kada ka bar wa mai tsarawa. Game da lokaci kuma, Search Console yana ajiye alƙaluman wata 16, ka buɗe ka ga watan da masu neman bayanin kaji da noman rani suka fi raguwa, ka sa ƙaurar a cikinsa, ka kuma sauke alƙaluman ka adana kafin ranar domin ka sami abin da za ka gwada da shi daga baya.